Ranar da Aka Ja Motar Alhaji da Igiya

Ni bakanike ne. A aji uku na sakandare na ajiye karatu, saboda haka wanda yake neman zance mai ado ya nemi wani wurin. Garejinmu yana bayan Ƙofar Nassarawa, rumfar kwano ce da rami ɗaya, muna raba ta da abokan sana'a, kowa da abin da ya iya. Ni abin da na iya shi ne giyar mota mai canza kanta, atomatik, kuma a garin nan ba sana'ar da ake gode wa mutum a kanta ba ce. Mutanenmu ba su yarda da abin da ba hannunsu ne yake juya shi ba. Mota ta yi tari sau ɗaya, sai ka ji an ce a cire a sa manuwal kowa ya huta. Na gaji da wannan gardamar tun gashina yana baƙi.

Akwai wani dattijo a Yakasai, ɗan kasuwar yadi, tun kakanninsa da suka zo daga arewacin Sahara yadin suke sayarwa. Lungunsu da namu bango ɗaya ya raba, tun ina yaro nake gaishe shi. Ciwon suga ya ci ƙafarsa ta hagu, likitoci suka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tuƙa kansa, bai taɓa ɗaukar direba ba, ga shi sai an ɗauke shi an ajiye. 'Ya'yansa suka karɓi shagunan, suka ce ya huta. Ya huta har ya fara ramewa.

Autansa kuwa ya taɓa sayo wata mota ta Amurka ta hanyar Kwatano, don a gan shi. Ja ce, ƙofa biyu, doguwar bonet da baƙin zane a tsakiya, inji silinda takwas. Ko a can ƙasar da aka ƙera ta ta kwana biyu. In an tashe ta, ƙasa kake fara ji tana rawa kafin kunnenka ya ji ƙara. Yaron ya yi 'yan watanni yana firgita awaki da ita, mai ya ishe shi, ya tafi karatu waje ya bar ta a bakin titi an rufe ta da tamfol, don ba ta shiga lungu.

Wata rana da hantsi aka ce Alhaji, wato dattijon nan, yana kirana. Na same shi a bakin titin, ya sa an yaye tamfol ɗin, yana tsaye a kan sandunansa yana leƙen ƙasan sitiyari.

“Injiniya,” ya ce, haka yake ce min don tsokana, “idona ne ko kuwa abin takawa biyu ne a motar nan?”

“Biyu ne, Alhaji. Birki da totur.”

“Kulocin fa?”

“Babu. Ita take yi wa kanta.”

Ya ƙara leƙa wurin. Sannan ya ce, “To ai ni ma ƙafar da ta rage min ta dama ce. Ka ga an dace, gurgu ya samu gurguwa.”

Na yi kwanaki a kanta. Na zubar da tsohon man giya da ya koma kamar ruwan kwata, na sa sabo ja, na canza matatar man, na wanke lagireto, na sa fulogai. Ranar da na gama na zaunar da shi, na nuna masa. Taka birki, ja sandar giya zuwa nan, saki birki a hankali, kada ka taka totur kamar kana kashe kunama. Ya saki birki, motar ta fara tafiya da kanta, sai na ji ya yi wata dariya da ban taɓa ji daga bakinsa ba, irin ta yaro da aka ɗora a keke.

Daga nan motar ta zama tasa, kullum yana kan hanya. Kasuwa, asibiti, ɗaurin aure, jana'iza, gidan 'yarsa. Dattijo da farin gemu da babbar riga a cikin jar motar 'yan gayu, tana gurnani a bayan a-daidaita-sahu kamar zaki a turken akuya. 'Yan unguwa suna dariya, shi ko a jikinsa. Yana zuwa shago ya zauna ya duba abin da ake yi, ya tambayi wannan yadin ina ya tafi, wancan wa ya ɗauka. Na lura tun a lokacin ba kowa ne yake murna da dawowarsa ba.

Ni kuwa abin da yake ci min rai daban ne. Injin da aka ƙera don ya cinye titi, bai taɓa wuce giya ta biyu a hannun Alhaji ba. Na ce masa irin wannan inji in ba a buɗe masa maƙogwaro yakan shaƙe. Sai ya yarda lokaci lokaci mu fita titin bayan gari, ni na tuƙa shi yana gefe. In na taka, sai ka ji ta ɗan nutsa ta baya, ta kama ƙasa, ta manna ka da kujera. Giya ta shiga ta biyu, ta shiga ta uku, ba ka jin an canza sai dai muryar injin ta sauka kamar mai waƙa ya ja numfashi. A duk shekarun da na yi ina kwance a ƙarƙashin motocin mutane, ruwan datti yana ɗiga min a ido, wannan ce kaɗai motar da ta taɓa sa na ji sana'ata tana da wani amfani. Shi kuma ya riƙe hularsa yana cewa, “Kai, ɗan nan, ina da jikoki! Ƙara kaɗan.”

Tana da hali ɗaya da na sani. Kik ɗinta, wato abin da yake tayar da inji in an murɗa makulli, yana kusa da bututun hayaƙi. In ta yi doguwar tafiya cikin zafi aka kashe ta, sai ya ɗauki zafi ya ƙi amsawa. Maganinsa ba komai ba ne, a ƙyale ta ta huce. Na so in canza shi, ban samu irinsa ba, kuma a cikin gari abin bai cika faruwa ba.

Sai aka gayyace shi ɗaurin aure a wani gari bayan Wudil, 'yar wani tsohon abokin cinikinsa. Babban ɗansa ya ce a haɗa shi da wani ya tuƙa, ya ƙi. Ya tafi shi kaɗai lafiya lau, a tsakiyar bazara. Aka ɗaura aure, bai jima ba ya ce zai juyo. Ya murɗa makulli, shiru.

Ina cin abinci a gareji wayarsa ta shigo. Ina jin hayaniya a bayansa.

“Injiniya, mutuniyarka ta yi yaji. An kawo wani batir an gwada, ta ƙi. Yanzu ma samari sun tura ta har bakin kasuwa sun dawo da ita, ko tari ba ta yi ba.”

“Alhaji, wa ya ce su tura? Irin wannan ba ta tashi da turi, ko garin duka za su taru. Kik ne ya yi zafi. A buɗe bonet a bar ta a inuwa. Kada kowa ya taɓa ta, ga ni nan zuwa.”

“To, ga mai masaukina yana cewa akwai mai a-kori-kura da zai ja ta.”

“Don Allah don Annabi kada a ja ta! Ka ji ni? Kada a ɗaura mata igiya.”

Ya ce ya ji. Na ɗauki jakar kayan aiki na tafi tasha.

Bari in faɗi dalili, don har yau akwai masu cewa tsiyata ce kawai. A cikin giyar atomatik akwai famfo da yake zagaya mai ko'ina, kuma injin ne yake juya famfon. In injin a kashe yake, babu mai da yake zagayawa. To in ka ja motar tayoyin baya suna ƙasa, tayoyin za su juya kayan cikin giyar a bushe, ƙarfe a kan ƙarfe. Daga nan zuwa ƙarshen layi ba komai. Daga bayan Wudil zuwa Kano kuwa, kamar ka ɗora tukunya babu ruwa ka hura mata wuta ne. In dole sai an ja, sai a kwance farfela, wato doguwar sandar ƙarfen da take kai juyi zuwa tayoyin baya. Notuna kaɗan ne. Amma wa zai tsaya?

Mai masaukin nan ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Baƙonsa ne, dattijo, mai ƙafa ɗaya, ya taso tun daga birni don ya girmama shi. A ce a bar shi zaune a ƙofar gida jama'a suna wucewa suna kallonsa yana jiran bakanike? Gobe a ce a garinsu aka wulaƙanta Alhaji? A wurinmu in mota ta mutu a gabanka ba ka yi wani abu ba, kai ne mara mutunci. Tura ta, girgiza ta, ja ta, ko mene ne, a dai ga ka yi. Ƙyalewa ba ta cikin tarbiyyarmu. Shi kuma Alhaji, mutum ya kawo mota da igiya da direba, ya rantse ba zai karɓi ko kwabo ba, ya kama hannunsa yana roƙo a gaban mutane. Ya ce masa a'a saboda wani bakanike ya hana? Bakinsa ba zai iya ba.

Ina cikin bas, an matse ni a kujerar baya, jakar kayan aiki a kan cinyata, mun wuce rabin hanya. Sai na hango su a ɗaya hannun suna tahowa. A-kori-kura fara a gaba, tana gudu kamar an aiki bawa garinsu, igiya shuɗiya, jar motar a baya, wani saurayi a sitiyarinta ya fito da gwiwar hannu ta taga yana washe baki. Alhaji yana gaban a-kori-kurar, ya riƙe sandunansa a tsakanin gwiwoyi. Na buga jikin bas ina ihu a tsaya. Kafin direba ya gama zagina ya samu wurin tsayawa, sun zama ɗigo. Na kira waya, ba ta shiga. Na tsaya a gefen titi cikin rana da jakata, ina jiran motar da za ta mayar da ni inda na fito.

Ko da na iso gareji sun riga ni. Na sa hannu ta taga na murɗa makulli, ta tashi bugu ɗaya. Ta huce a hanya mana. Mutanen da suka rako ta suka yi kabbara, saurayin nan har da tafi. Na taka birki na sa giya. Injin ya yi gurnani, motar ba ta motsa ba. Na sa ta baya, haka. Na zaro sandar awon mai na shinshina, ƙauri kamar an babbaka fata.

Mai a-kori-kura ya matso ya ce, “Oga, ka ga mun kawo maka ita har gida, ko ƙwarzane babu.”

Na ce, “Allah ya saka da alheri.” Me zan ce?

Da na sauke giyar na buɗe, faya-fayen ciki sun ƙone sun manne, haƙoran ƙarfe sun yi shuɗi, garin ƙarfe a ƙasan kwano kamar tsakin gero. Ba abin gyarawa, sai dai wata.

Na shiga Ƙofar Ruwa, inda ake cewa in ka rasa abu a can to ba a ƙera shi ba. Layi layi na bi. Akwai wani mai kayan gyara da muka daɗe tare, ya dubi hoton a wayata ya kwashe da dariya.

“Mutumina, wannan ai sai ka je Amurka da kanka. Wa yake kawo kayan motar da guda nawa ce a Kano duka? Ka sa mata manuwal mana. Ga giyar a-kori-kura can, ƙarfe ne zalla, jikanka ma zai gada.”

“Mai motar ba shi da ƙafar hagu.”

“To ya ɗauki direba. Ba Alhaji ba ne? Kai dai ka cika son wahala, shi ya sa har yau a ƙafa kake yawo.”

Ya yi min waya Legas duk da haka. Aka turo wata, da ta iso na ga ta wata mota ce daban, ko bakin bai hau ba. Aka mayar. Wani ya ce akwai a Kwatano, aka bincika, an sayar. Damina ta shigo ta same ni ina wannan yawon, motar tana kan duwatsu a gareji, abokan aikina suna mita ta tare wuri. Alhaji kuwa duk bayan kwana biyu sai ya kira. Ba ya tambayar motar kai tsaye. Sai ya ce, “Injiniya, ya aiki? Ya mutuniyar?” In ce ana nan ana nema. Ya ce, “To, Allah ya sa a dace.” Muryar tana ƙara yin ƙasa.

Sai babban ɗansa ya zo garejin. Sa'ana ne, tare muka yi makarantar allo, amma yanzu Malam yake ce min ni kuma ina ce masa Alhaji Ƙarami. Ya tsaya nesa da rami don kada shaddarsa ta ɓaci.

“Malam, mun yi shawara da 'yan'uwa. A sa mata manuwal.”

“Ka san abin da kake faɗa? In an sa kuloci, da wace ƙafar zai taka?”

“Za a ɗaukar masa direba.”

“Ba direba yake so ba. Ku ba ni lokaci. Ko kuwa ku saya masa wata ƙarama mai atomatik, sun cika gari, ni zan zaɓo.”

Ya cire tabarau ya goge. “Malam, mutum ya haura saba'in, ga suga, ga ido ya fara rauni. Ranar nan da a daji ta mutu masa fa? In ya take ɗan wani, kai za a kama ko mu? Baba ya yi mana wahala, lokacin hutunsa ne.”

Ban ce ƙarya yake yi ba. Akwai tsoro na gaskiya a maganarsa. Akwai kuma shagunan da ba a son a riƙa zuwa ana tambayar ina yadi ya tafi. Duka biyun suna nan, shi kansa ban jin ya san wanne ya fi nauyi.

Na ce, “Ni dai ba da hannuna ba.”

Ya ce, “Ba komai, masu yi suna da yawa.”

Da la'asar na tafi wurin Alhaji na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ce motar tasa ce, maganarsa ce, ya kira ɗansa ya ce bai yarda ba, magana ta ƙare. Ya daɗe yana jan carbi.

“Wa kake so in kira? Wancan?”

Ɗan fari ne. A gidaje irin nasu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, balle ya buɗe baki ya nemi wani abu a wurinsa. Tun yaron yana goye haka suke, kunya ce, kuma ana yabonta. Duk abin da zai faɗa masa sai dai ta bakin wani. Yanzu kuwa komai yana hannun wanda ba zai iya roƙo ba.

“Kai ka faɗa masa,” ya ce. “Ka ce na ce a ɗan dakata.”

“Na faɗa, Alhaji. Daga bakinka yake buƙatar ji.”

“To in daga bakina ne, a bar shi.”

Na koma wurin ɗan na isar da saƙo. Ya ce, “In Baba yana da magana ai ya san inda nake.” Ya san sarai ba zai zo ba. Washegari aka turo motar ɗaukar mota, ta gaske, mai ɗora ta a baya tayoyi huɗu a sama. Sai da giyar ta ƙone aka san da irin wannan.

Wani gareji suka kai ta. Aka fasa ƙasan motar aka zura sandar giya, aka yi walda, aka ɗaura giyar a-kori-kura a bayan injin da ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba. Gyaran gangar Auzinawa. Ranar da za a dawo da ita Alhaji ya aiko in zo. Ban so zuwa ba, na je.

Direban da aka ɗauka, wani magidanci mai ladabi, ya tsayar da ita a bakin titi ya fito ya buɗe ƙofar gefen fasinja ya rusuna. Alhaji ya wuce shi ya zagaya ɓangaren direba. Na taimaka masa ya zauna. Ya dubi ƙasa, abin takawa uku. Ya ɗauki sandarsa ɗaya ya saita ƙasanta a kan kulocin ya danna da hannu biyu. Kuloci ne mai tauri, na motar kaya. Ya shiga rabi, robar sandar ta zame ta bugi ƙasa. Ya sake, ta sake zamewa. A na uku ma haka, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. 'Yan unguwa da suka taru kallo kowa ya sami abin dubawa a wani wurin.

“Injiniya, ko akwai dabara?”

Na so in ce akwai. Na ce, “Babu, Alhaji. Ko ka danna, da wane hannun za ka sa giya, da wanne za ka riƙe sitiyari?”

Ya gyaɗa kai. Ya zare makullin ya miƙa wa direban, ya ce, “Malam, ga amanarka. Yau ba inda za ni.” Na kama shi ya fito. Ya ce in bar shi, zai iya, ya juya ya shiga lungu a hankali, ni ina tsaye.

Yana nan da ransa. Direban yana zuwa kullum da safe ya wanke mota ya zauna, azahar ta yi ya tafi. Asibiti kaɗai yake yarda a kai shi, shi ma a motar 'yarsa. Bai sake taka kasuwa ba.